Kurakuran da ke sa tsohuwar motar tafi-da-gidanka shan mai fiye da ƙima a doguwar tafiya

Jama'a masu sha'awar sayen tsofaffin motocin nan na Amurka masu gado da kicin da banɗaki a ciki, irin su Winnebago na shekarun 1970 ko GMC ɗin da aka ƙera daga 1973 zuwa 1978, ku sani tun farko wannan mota mashayiya ce. Yawanci injin Dodge 440 ko Oldsmobile 455 ne a ciki, silinda 8, ga kafireta, ga giya uku kacal babu ta huɗu da za ta sauke wa injin numfashi a kan babban titi. Galan ɗaya na Amurka, wato lita 3.8 kenan, yawanci mil 6 zuwa 10 zai kai ka. Ƙananan da aka ɗora a kan Toyota mai silinda 4 sun fi sauƙi sosai amma su ma ba Corolla ba ne.

To amma duba lissafin nan. Tsohuwar hanyar Route 66 daga Chicago zuwa Santa Monica kusan mil 2,448 ce. Wanda motarsa ke yin mil 6 a galan zai sha galan 408, mai yin mil 8 kuma galan 306, bambancin galan 102 kenan a tafiya ɗaya, kuma mafi yawan wannan bambancin daga ƙafar direba da rashin kula yake fitowa.

Babban kuskure shi ne gudu. Mutum ya hau titi ya ga kowa na wuce shi sai zuciya ta ɗebe shi ya taka totur ya kai mil 70 a awa, ya manta gaban motar nan a miƙe yake kamar bangon ɗaki, iska take turawa tun safe har dare. Turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ta fi shi saurin hauhawa, daga mil 55 a awa zuwa 70 tana ƙaruwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Shi ya sa ma bayan rikicin man 1973 Amurka ta sa dokar kada a wuce 55 a 1974, kuma yawancin motocin nan a wannan zamanin aka yi su. Ka tsaya tsakanin 55 da 60, ka koma layin dama, mai sauri ya wuce. Sannan kafiretar nan mai baki huɗu ce, biyu na gaba ƙanana su ke aiki kullum, biyu na baya manya sai ka danne totur suke buɗewa, kuma da sun buɗe za ka ji ƙarar ta canza, to wallahi a lokacin mai kwarara yake yi. Sayi gejin bakum, wato mai auna zuƙar iskar inji, ka liƙa a gabanka, ba shi da tsada, in allurar ta faɗi ka san ƙafarka ta yi nauyi. In ka iso wajejen Oklahoma da Amarillo inda iska ke kaɗawa ba tsayawa, ka yi sammako tun kafin ta taso, in ta yi ƙarfi tana dukanka ta gaba gara ka faka ka sha shayi.

Sai masu yarda da gejin mai na gaban mota. Shekara hamsin abin awonsa yana cikin tanki, ƙarya yake yi sau da yawa. Cika tanki, rubuta maleji, in ka sake cikawa ka raba mil da galan, ka yi haka tanki uku ko huɗu kafin ka yanke hukunci. In an taɓa canza girman taya shi ma malejin bai daidai ba, gwada shi da na waya.

Wani abin da mutane ke mantawa, janareta daga tankin motar yake sha. Ka kunna esin rufi dare guda, kusan rabin galan a awa, gari ya waye ka ce mota ta lalace alhali barcinka ne ya sha man. Cire shi daga lissafi, kuma in wurin da ka kwana akwai wuta ka jona.

Kaya kuma, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin galan 40 ya kai kilo 150 kenan, ga na ƙazanta da ba a zubar ba. Ɗauki ruwan da zai kai ka zango na gaba kawai, sai dai in hamada za ka ratsa, nan kam kada ka yi rowar ruwa. Akwatuna a kan rufi sun fi nauyin ma illa saboda iska.

Inda ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya kashe kuɗi a labule da fenti bai kai ta wajen makaniken da ya san kafireta ba, kuma irinsu sun yi ƙaranci yanzu, dole sai an nema. Cok da ya maƙale bai buɗe duka ba, taimin da ya goce, tiyon bakum da ya tsage, fulogi da wayoyinsu, matatar iska da ta toshe, kowanne yana cin nasa. Birki ma yana kamawa in mota ta daɗe a ajiye, bayan ɗan gudu ka kai hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi zafi a duba ta. Kuma fetur ɗin Amurka na yanzu yawanci akwai itanol, wato sinadarin barasa, kashi 10 cikin ɗari a ciki, yana cinye tsohon tiyon roba, in kana jin warin fetur kada ka ce ai haka tsohuwar mota take, canza tiyo kafin ka tashi, wannan maganar gobara ce ba ta kuɗi ba. Taya a auna iskarta da safe tana sanyi, a kuma karanta lambobi huɗun nan na gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, don taya tana tsufa ko ba ta cinye ba.

A kan tudu irin garin Flagstaff da ke kan hanyar nan, kusan ƙafa 7,000, iska ta yi ƙaranci kafireta kuma ba ta san haka ba, mai zai yi yawa ƙarfi ya ragu. Kada ka danne, sauko giya ta biyu ka hau a hankali kana kallon gejin zafi. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyo wai yana rage shan mai kuwa, bar kuɗinka a aljihu.

Kuma don Allah kada ka sa ta a firi a gangara wai kana tattalin mai. Motar nan tan biyar ce ko fiye, birkinta na da ne, in ya yi zafi sakewa yake yi, ga iyalinka a baya. Da giyar da ka hau da ita za ka sauka.