Yadda ake zane a waya tare da yara masu galhanga

A gidanmu da ke Garwa, a arewacin Kamaru, akwai yara biyu masu galhanga, wato yanayin da likitocin nan suke kira otizim, namiji ɗan shekara 9 da ƙanwarsa 'yar shekara 6. Da fentin ruwa da takarda muka fara, muka kuma sha wuya, domin yaron ba ya jure danshi a yatsunsa, kuma da zarar layi ya karkace sai ya yayyaga takardar ya shiga kukan da ba ya jin lallashi. Waya ta kawar mana da matsalolin biyu a lokaci guda, tunda ba ta jiƙa hannu, kuma duk layin da ya ɓaci ana janye shi da taɓawa ɗaya. Kada dai a ɗauki zanen a matsayin magani. Galhanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa take girma, wanda likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Abin da zanen yake samarwa shi ne dalilin zama wuri ɗaya da yaron da hira take yi wa nauyi.

Ba a buƙatar kaya masu tsada. Tecno ko Itel ɗin da ke gidan ta isa, kodayake allon da ya fi faɗi ya fi dacewa da hannu biyu, kuma yatsa ya wadatar kafin a yi maganar alƙalamin taɓa allo. Ga ƙananan yara, manhajar Tux Paint ta fi sauƙi: kyauta ce, ba ta da talla, an tsara ta don 'yan shekara 3 zuwa 12, tana kuma da Faransanci. Sai dai tana yin ƙara a kusan kowace taɓawa, wadda wasu yaran suke so wasu kuma take firgita su, kuma a kwamfuta ana kashe ta da danna Alt da S tare. Ga yaron da ya ɗan tasa, ibis Paint X ko Sketchbook sun fi ba da dama. Procreate da ake yawan yabo a intanet ta masu iPad ce, ana kuma biyan kuɗinta, saboda haka ban ga dalilin damuwa da ita ba.

Kafin a kira yaro, a shirya wayar tukuna. A sa ta a yanayin jirgin sama, wanda zai hana kira shigowa a tsakiyar aiki, ya kuma toshe tallar da ke fitowa a ibis Paint ta kyauta. A rage hasken allo, a rufe sauti, sannan a kulle wayar a kan manhajar zanen kaɗai, wanda a yawancin wayoyin Android ake samu a sashen tsaro da sunan épinglage idan wayar tana Faransanci, a iPhone kuma Accès guidé. Idan ba a yi haka ba, cikin minti biyu yaron zai zame zuwa YouTube, kuma dawo da shi sai an yi dambe. A tabbata batir ya cika, domin wayar da ta mutu ana tsakiyar zane ta taɓa jawo mana rikicin da ya kai magariba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, wayar kanta takan ɗau zafi ta yi nauyi, don haka mun tsayar da lokacinmu bayan la'asar, a inuwa, a kan tabarma ɗaya kullum.

Yadda ake zama yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A zauna gefen yaron, kafaɗa kusa da kafaɗa, ta yadda idanu duka suna kan allo, saboda da yawa daga cikin yaran nan haɗa ido yana takura musu. A kwanakin farko kada a koyar da komai ban da maɓallin janye kuskure. Uba ko uwa su ja layi, su ce “na ɓata”, su janye shi ba tare da nuna damuwa ba, su maimaita har yaron ya miƙo yatsa da kansa. Bayan wannan sai a bar shi ya ja gaba, babba yana kwaikwayon abin da ya yi: in ya zana da'ira, a zana wata kusa da ita, in ya cika allo da jan launi, a ɗiga ja a gefe. Tambayar “mene ne wannan?” ba ta cika haifar da komai ba sai shiru. Gara a faɗi abin da ido ya gani a taƙaice, kamar “shuɗi, dogo”, sannan a jira.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne falle, wanda manhajar ibis Paint take kira calque idan wayar tana Faransanci. Falle kamar farar leda ce da ake shimfiɗawa a kan wata, kowace da nata zanen, kuma ana iya ɓoye ɗaya ko goge ta ba tare da an taɓa sauran ba. Na buɗe falle biyu, na ce masa, “Wannan naka ne, wannan na Baba.” Da na nuna masa cewa yana iya danna alamar ido ya ɓatar da duk abin da na zana, nasa kuma yana nan daram, sai ya daina ture hannuna, domin ya gane cewa ba ni da ikon lalata masa aiki. Daga nan muka shiga karɓa-karɓa, shi layi ɗaya ni layi ɗaya, kuma da ƙanwarsa ta shigo sai aka ƙara mata falle na uku. Har yau yakan ɓoye nawa idan bai gamshe shi ba, ni kuwa ba na jayayya, tunda wannan ma amsa ce ya ba ni.

Game da abin da za a zana, a bi sha'awar yaron ko da ta gunduri manya. Namu ya shafe makonni ba ya zana komai sai manyan motocin auduga na Sodecoton da yake gani a hanya, kowace da tayoyinta a ƙirge. Maimakon a hana, sai a riƙa ƙara abu ɗaya a gefe, yau gadar Binuwai, gobe ɗan moto yana wucewa. Akwai kuma dabarar ɗaukar hoton wani abu na gida, kamar buta ko faifai, a sa shi a fallen ƙasa, a dusashe shi, yaron ya bi layinsa a fallen sama. Ƙanwar tasa kuwa kayan aikin madubi ne ya kama ta, wanda yake maimaita duk layin da aka ja a ɓangarori da yawa, har ya fito kamar ɗinkin hula ko zanen ƙwaryar Fulani. Wannan ya dace da gidajen da ba sa son a zana mai rai, domin a cikin lalle, da zayyanar allo, da aska takwas ta babbar riga akwai abin kwaikwayon da ba zai ƙare ba.

Tashi daga zaman ya fi fara shi wuya. Minti 15 zuwa 20 sun isa, kuma ga 'yan shekara 2 zuwa 4 shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce kada zaman kallon allo ya wuce awa ɗaya a rana. A sanar da yaron saura minti 5, a nuna masa agogon da ke ƙirgawa, a kuma faɗa masa abin da zai biyo baya, misali wanka ko abinci. Mu muna rufewa da kallon ɗan bidiyon da ibis Paint take haɗawa da kanta, wanda yake nuna zanen tun daga layin farko cikin sauri, kuma yaran sun riga sun san cewa in bidiyon ya ƙare wayar ta koma aljihun Baba. Idan aka ga yaro ya fara toshe kunne ko numfashinsa ya sauya, a dakata nan take ko da zanen bai kai rabi ba.

A adana kowane zane a matsayin hoto nau'in PNG, a sa masa kwanan wata. Idan za a aika wa kakanni a Marwa ko Njamena ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa a matsayin hoto tana rage masa kyau, kuma a nemi yardar yaron tukuna, a kuma bar fuskarsa da cikakken sunansa a gida. Duk ƙarshen wata mukan kai biyu ko uku wurin mai wanke hoto, a fitar da su a girman santimita 10 da 15, yaran su zaɓi bangon da za a manna su.