Kurakuran da Aka Fi Yi da Ƙaramar Bindigar Feshi Wajen Fentin 'Yan Mutum-mutumi

Wanda ya fara fentin ƙananan sojojin roba na Warhammer, ko tankokin yaƙi na Tamiya, ko jiragen Airfix, ba ya daɗewa sai ransa ya biya da ƙaramar bindigar feshi, wadda masu sana'ar ke kira eyaburosh. Sai ya saya, ya haɗa, ya danna kunama, bindigar ta yi ta tofar da fenti ɗigo-ɗigo, ko ta ƙi fitar da komai. Daga nan sai ya ce an sayar masa da jabu. A yawancin lokuta bindigar lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin kofin fenti ko a hannun mai riƙe da ita.

Tun a wurin saye ake fara ɓata rawa da tsalle. Sabon shiga yakan ce tunda ɗan sojan da zai fenta bai wuce milimita 28 ko 32 ba, to allura mafi siranta yake bukata, wato siririn ƙarfen cikin bindigar da ke buɗe wa fenti hanya, sai ya nemi mai milimita 0.15 ko 0.2. Irin wannan allura tana son fenti tsararo sosai da hannun da ya saba, kuma ƙwayar launi ɗaya da ba ta narke ba ta isa ta toshe ta. Fentin azurfa da na zinariya da fentin shimfiɗa na farko, waɗanda ƙwayoyinsu ke da kauri, da ƙyar suke wucewa. Ni dai shawarata ga mai farawa ita ce 0.3 zuwa 0.4. Iwata Eclipse HP-CS ta Japan 0.35 ce, Badger Patriot 105 ta Amurka 0.5 ce, kamfanin Harder & Steenbeck na Jamus kuma yana sayar da wasu da allura biyu a kwali ɗaya, siririya da 0.4. Idanun ɗan soja da maɓallan rigarsa kuwa aikin buroshi ne. Bindiga aikinta shimfiɗa launi, da inuwa, da haske.

A nemi mai kofi a sama, wadda fenti ke gangarowa da kansa, domin ɗigo biyar ma sun ishe ta aiki kuma ba ta bukatar iska mai ƙarfi. Mai kwalba a ƙasa ta fi dacewa da babban fili. Kunamar kuma ta zama mai aiki biyu: a danna ƙasa iska ta fito, a ja baya fenti ya biyo.

Akwai kuma masu zuba duk kuɗinsu a bindiga su bar kwamfaresa, wato injin da ke turo mata iska, a baya. Kwamfaresa marar tanki yakan turo iska bugu-bugu, ya yi zafi, zafin ya tara ruwa a cikin tiyo, sai kana tsakiyar aiki ruwan ya fantsamo kan abin da ka shafe awa kana yi. Mai tankin lita uku, da agogon daidaita iska, da matattarar ruwa, ya wadatar. A riƙa zubar da ruwan matattarar da na gindin tankin, musamman da damina. Wanda zai yi oda daga waje ya duba wutar: na kasuwar Amurka volt 110 ne, tamu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, kana jona shi kai tsaye zai ƙone.

Yanzu ga inda aka fi shan wahala, wato sirka fenti. Fentin Citadel ko Vallejo Model Color yadda ya fito daga kwalba an yi shi ne don buroshi, ya yi kauri da yawa. Ana so ya koma kamar madarar shanu tsararriya: idan ka shafa ɗigo a bangon kofi, ya gangaro da sauƙi ya bar siririn sawu. In ya yi kauri, za ka ji bindigar tana tari, fentin ya sauka da ƙuraje kamar yashi. Abin da mutane ke yi a nan shi ne su ƙara iska har PSI 35 ko 40 a agogo (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska), sai fentin ya bushe tun a hanya kafin ya isa jikin roba. Gyaran shi ne a ƙara tina, wato ruwan sirka fenti, a bar iska tsakanin PSI 15 da 20. In kuma ya tsinke fiye da kima, ko ka matso kusa da yawa, sai ya watsu da 'yan ƙafafu kamar gizo-gizo. A nan sai ka rage iska, ka ja baya kaɗan, ka sassauta jan kunama. Kafin a taɓa ɗan sojan, a gwada a bayan cokalin roba. Shafa uku marasa kauri sun fi ɗaya mai nauyi da zai cike zanen fuska da na sulke.

Kowane fenti kuma da tinarsa. Fentin ruwa na Tamiya yana tafiya da X-20A, mai sinadarin alkohol. Amma in ka zuba alkohol a cikin Vallejo, sai ya dunƙule ya zama kamar danƙo a cikin bindiga. Na taɓa ɓata yammaci guda ina ciro irin wannan danƙon daga nozul, wato ɗan bakin da fenti ke fita ta cikinsa, tun daga ranar nake gauraya fenti a wani ɗan murfi dabam, in ga yadda ya kasance, sannan in zuba a kofi.

Tsarin danna kunama shi ma yana da ƙa'ida: iska ce farko, iska ce ƙarshe. Ka danna iska, ka ja fenti, ka mayar da fenti, sannan ka saki iska. Wanda ya saki duka lokaci ɗaya yakan bar ɗigo a kan allura, kuma wannan ɗigon ne zai fara faɗowa a feshi na gaba. Ko da hannu ya ƙware, fentin ruwa yana bushewa a tsinin allura, balle a busasshiyar iskar hunturu. Ɗigo ɗaya ko biyu na maganin jinkirta bushewa a cikin kofi yana taimakawa, sannan a ajiye ɗan buroshi jiƙaƙƙe a gefe ana share tsinin lokaci-lokaci.

Wanki yana da kuskure iri biyu. Wasu su ce sai gobe, fentin ya kwana ya ƙame. Wasu kuma su kwance bindigar gaba ɗaya bayan kowane launi, har su lalata ta da hannunsu. Tsakanin launi da launi, zubar da saura, share kofi, fesa ruwan wanki har ya fito fes, ya isa. In an tashi aiki sai a zare allura a goge ta daga gindi zuwa tsini. Kada a tsoma jikin bindigar duka a cikin tina, domin tana kumbura zobban roba kuma tana wanke man bawul ɗin iska. Ruwan goge gilashi mai amoniya shi ma a guje shi, yana cin farin rufin ƙarfen a hankali har tagulla ta bayyana.

Allura da nozul su ne ran bindigar, su ne kuma suka fi saurin lalacewa. In za a mayar da allura, a tura ta a hankali har ta zauna, ba tare da dannawa ba, don ƙarfi kaɗan yana tsaga bakin nozul. Nozul mai ɗauri da ɗan sifana, irin na wasu samfuran Iwata, ƙanƙane ne ƙwarai. In aka matse shi sosai wuyansa yakan karye a ciki. Idan ka ga kumfa na tasowa a kofi, iska ce ke komawa baya: ko nozul bai zauna daidai ba, ko ya tsage, ko busasshen fenti ya tare gaba. Idan feshi na karkata gefe guda, ka murza allurar tsakanin yatsu a gaban haske, za ka ga tsinin ya lanƙwashe. Shi ya sa ranar da ka sayi bindiga ya kamata ka sayi allura da nozul na ajiya, kuma ka zaɓi samfurin da ake samun kayan gyaransa.

Abu na ƙarshe da nake roƙon kowa a kai shi ne huhu. Ana cewa fentin ruwa ba guba ba ne, amma da zarar ya zama hazo, ƙurar roba ce kake shaƙa. A sa takunkumi mai matata, a yi aiki kusa da taga ko da fanka mai jan iska waje. Mai amfani da fenti mai tina mai ƙarfi kuwa sai matatar da aka yi don tururin sinadarai, kuma yara su bar ɗakin har warin ya fita.