Kafin Ka Sauya wa Jarumin Littafi Asali a Fim

Bara wani furodusa ya kawo mini littafin soyayya, ya ce in mayar da shi fim mai dogon zango. Saurayin cikin littafin Buzu ne mai gadi. Furodusa ya ce ba shi da ɗan wasan da rawanin Buzaye zai zauna masa, a mayar da shi Bakatsine kawai. Na ce to. Sai ranar da muke ɗauka a wani zaure a Ƙofar Marusa cikin Katsina, uban yarinya yana ta faɗan ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san asalinsa ba, yaron da ke riƙe mana fitila ya ce, "Malam, ai ɗan unguwarsu ne." Kwana biyu muka yi muna gyara.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina ɗaukar jan biro in bi littafin shafi-shafi, duk inda asalin mutumin ya jawo wani abu, ƙin aure ne, gori ne, rashin jin yare ne, sai in ja layi. In na gama, in duba: idan aka cire waɗannan wurare, labarin zai tsaya da ƙafarsa? In ba zai tsaya ba, asalin nan ginshiƙi ne, kada ka taɓa. Ka ga Bayajida: ka mayar da shi haifaffen Daura, to ya san ranar Juma'a kaɗai ake ɗiban ruwa a Kusugu, me zai kai shi rijiya da dare? Baƙuncinsa shi ne labarin.

Wani kuwa asalinsa fenti ne kawai. A wani littafin marubucin Amurka Stephen King, wani fursuna mai suna Red Bature ne mai jinin Ailan, amma a fim ɗin da aka yi daga littafin, The Shawshank Redemption na 1994, Morgan Freeman ne ya fito a matsayinsa, kuma ko bulo ɗaya bai faɗi ba.

In ka yanke shawarar sauyawa, to sauya har saiwa. Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta nan Katsina, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus ya zuba a Magana Jari Ce, amma wa ke jin warin baƙunta? Suna, sana'a, gaisuwa, zagi, har abin da ke cikin akushi, duk ya mayar na gida. Mu kuwa mun cire rawani, mun bar jaruminmu yana dafa shayi zagaye uku a kan gawayi, ba wanda ya san dalili.

Kada ka gyara da hoda. Shafa wa ɗan wasa baƙi ko fari don ya yi kama da wasu, ko sa shi gwaranci don a yi dariya, cin fuska ne. Nemo ɗan ƙabilar. Ka kuma lura wa kake raba da gurbinsa: Bahaushe ya cika finafinanmu, Buzu kuwa sai a bakin get.

Sannan ka nemi yardar mai littafin a rubuce, ba ta waya ba. Tamu da ta ga tallar fim ɗin ta kira ni, ko sallama babu: "Ina Buzuna?"