Kurakuran da aka fi yi wajen haƙa tafkin kifin zinariya a ƙasashen sanyi

Wasu mutanenmu da ke zaune a Kanada, Ingila ko arewacin Amurka suna haƙa tafkin kifi a farfajiyar gida ne a watan Yuni, rana na dukan ƙasa, su manta da Janairu. Kifin zinariya yana da juriyar sanyi, yana iya kwana wata uku a ƙarƙashin ƙanƙara ya fito lafiya. Abin da ke kashe shi shi ne ruwa marar zurfi da kuma rashin iska.

Babban kuskure shi ne zurfi. Ramin santimita 40 zai daskare har ƙasa a shekarar da sanyi ya yi tsanani. A yawancin Ingila santimita 60 ya wadatar, amma a wurare irin su Ontariyo a Kanada ko Minesota a Amurka kada ka yi ƙasa da santimita 90, in da hali ka kai mita 1.2. Dalili kuwa, ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Selshiyos, saboda haka wannan ruwan mai ɗan ɗumi yake kwantawa a ƙasa, kifin ya sauka ya lafe a cikinsa. Ba dole duk tafkin ya yi wannan zurfin ba, kwari ɗaya a tsakiya mai faɗin mita ɗaya ya isa. Bangon kuma a yi shi a tsaye, domin zalɓe ya fi samun kifi a inda zai taka ya shiga a hankali. Kafin ka sa shebur a ƙasa, a Amurka ka kira lamba 811 a nuna maka inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi.

Sai robar shimfiɗa. Leda mai arha tana taurarewa ta tsage idan ta sha sanyi. Nemi robar EPDM mai kaurin milimita 1 ko fiye, ka sa yashi ko tsohon kafet a ƙarƙashinta saboda duwatsu. Lissafinta: tsawon rami, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara santimita 60 na baki; haka ma ake lissafin faɗi. Ramin mita 2.5 da mita 1.5 mai zurfin santimita 90 yana bukatar roba mita 5 da mita 4.

Kada ka haƙa a gindin bishiya. Ganyen da ya zuba da kaka yana nutsewa ya ruɓe, ya cinye oksijin, ya saki iska mai guba, ƙanƙara kuma ta rufe sama ta hana ta fita. Wanda ya tarar da kifinsa a mace da bazara sai ya ɗora wa sanyi laifi, alhali shaƙewa suka yi. A shimfiɗa raga a kan ruwan tun ganye bai fara zuba ba, a kwashe dagwalon ƙasa kafin Nuwamba.

Idan ruwa ya daskare, ana bukatar huda ɗaya a buɗe kullum. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ban takaici: a ɗauko guduma a fasa ƙanƙarar. Girgizar bugun tana ratsa ruwa ta jigata kifin da ke kwance, har ta kashe shi. Ka ɗora tukunyar ruwan zafi a kan ƙanƙarar ta narkar da huda, ka ɗaure mata igiya kada ta nutse. Mafi sauƙi shi ne ƙaramar na'urar ɗumama ruwa mai yawo a sama, ko injin hura iska. Dutsen iskar, wato abin da ke bakin bututun injin yana fitar da iskar cikin ruwa, a rataye shi kamar santimita 30 daga sama, domin in ya sauka ƙasa zai gauraya ruwan ɗumin da na sanyi. Saboda wannan dalilin ake kashe famfon da ke zubo ruwa daga tudu, a zubar da ruwan bututu kada ya daskare ya fashe. Duk abin da ke amfani da lantarki a jona shi da soket mai yanke wuta da kansa, wanda ake kira GFCI a Amurka, RCD a Ingila.

Abinci ma na kashewa. Tausayi ne ke sa mutane su ci gaba da watsa shi cikin hunturu, amma idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, cikin kifin ba ya narkar da abinci, abin da ya rage kuma ya ruɓe a ruwa. Sayi ma'aunin zafi ka bar shi a tafkin. Tsakanin digiri 15 da 10 ka koma abinci mai sauƙi na ƙwayar alkama, ƙasa da haka ka tsaya cak, sai ruwan ya sake haura 10 ya zauna a haka.

Ba kowane kifin zinariya ke kwana a waje ba. Masu dunƙulallen jiki irin su oranda da masu fitattun idanu a shigar da su cikin gida. Na gama-gari, da comet, da shubunkin su ne na tafki. Suna kai santimita 25 zuwa 30, don haka ka ba kowanne kamar lita 200, ka fara da uku ko huɗu, matatar ruwa ta samu mako huɗu zuwa shida ta kama aiki kafin ka ƙara. Ruwan famfo kuma sai an sa masa maganin cire kulorin, tunda garuruwa da yawa suna amfani da kuloramin, wani sinadari dangin kulorin wanda ajiye ruwa ya kwana ba ya kore shi. In sun hayayyafa sun yi maka yawa, ka bayar kyauta ko ka mayar wa mai shago. Sakin su a kogi ko tafkin gari laifi ne a lardin Alberta na Kanada da wurare da dama, domin suna mamaye ruwan su kori kifin asali.