Yadda nake koyar da gwajin tafiyar minti 6, da yadda ɗalibi zai mayar da shi bincike

Yawancin ɗaliban da ke shigowa ɓangaren zuciya da huhu a sashenmu na gashi, wato fisiyoterafi, na'urori suke hange: keken motsa jiki mai waya, injin gudu, na'urar busa ta awon huhu. Ni kuwa darasina na farko a baranda nake yin sa, da tef na awo da alli da kujera. Dalili shi ne, mafi yawansu in sun gama, babban asibitin wani gari za a tura su, inda wuta ma sai an yi sa'a. Gwajin tafiyar minti 6 ba ya bukatar wuta, kuma yana nuna abin da majinyaci ya fi damuwa da shi, wato ko zai iya zuwa masallaci ko kasuwa ba tare da ya tsaya yana haki ba.

Gwajin ya samo asali ne daga gudun minti 12 da Kenneth Cooper ya fito da shi a 1968 don auna ƙarfin masu lafiya. Daga baya likitoci a Birtaniya suka mayar da shi tafiya saboda masu ciwon huhu, a 1982 kuma aka nuna minti 6 ya wadatar. Ƙa'idar da muke bi ita ce wadda ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2002, sannan ta sabunta tare da takwararta ta Turai a 2014. Iyakar tarihin da nake ba su ke nan, sai mu tashi mu fita.

A nemi baranda miƙaƙƙiya, mai daɓe, wadda ba a yawan zirga-zirga a cikinta, tsawon mita 30. A sa alama da alli duk bayan mita 3, a ajiye abin juyawa a kowane ƙarshe. Jarka biyu ma sun isa. Zuwa da dawowa zagaye ɗaya ke nan, mita 60. Idan barandar mita 15 kawai aka samu, a yi da ita, amma a rubuta tsawonta a fom, domin yawan juyawa yana cin nisa, kuma ba a haɗa sakamakonta da na mita 30. Sai kujera a kusa, agogon waya, na'urar awon jini, da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna bugun zuciya da yawan iska a jini.

Kafin majinyaci ya taka ko ina, ya zauna aƙalla minti 10. A nan ɗalibi zai yi tambayoyinsa ya yi awo. Wanda ya samu bugun zuciya mai tsanani, wato toshewar jijiyar zuciya, a cikin watan da ya wuce, ko ciwon ƙirjinsa ke tasowa ba ƙa'ida, ba a yi masa gwajin. Idan yana zaune bugun zuciyarsa ya haura 120 a minti, ko jininsa na sama ya wuce 180, ko na ƙasa ya wuce 100, a dakata a tuntuɓi likitansa. Ina sa ɗalibai su haddace waɗannan lambobi, kuma ina tambayarsu a bazata ko a hanya muka haɗu.

Akwai ƙananan abubuwa da littafin ƙa'idar bai san da su ba amma mu muna fama da su kullum. Silifas mai santsi yana rage sauri, don haka a roƙi majinyaci ya zo da takalmin da ke kama ƙafa, kuma ya maimaita shi a gwaji na gaba. Mace ta ɗaura zaninta yadda zai ba ta damar buɗe taki. Dattijo ya ajiye babbar riga a kujera. Da sanyin hunturu yatsu kan yi sanyi har na'urar ta ƙi karantawa, sai an murza hannun ya ɗumama. Jan farce da baƙin lalle ma suna iya rikita ta, sai a sauya yatsa. Kuma ina gaya musu kada su miƙa wa na'urar wuya gaba ɗaya: wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna takan nuna wa mai baƙar fata iska fiye da abin da ke jininsa. Duk majinyatanmu baƙaƙe ne. Idan na'ura ta ce iskar jini ta kai kashi 94 cikin 100 amma mutum yana numfashi sama-sama, ya kasa haɗa jimla, mutumin za a gaskata.

Yanzu ga inda nake daɗewa, wato bakin mai gwaji. Mu mutane ne masu tausayi da yawan sannu. Ɗaliba za ta ga tsohuwa tana tafiya tana nishi, sai ta fara: "Sannu Inna, yi a hankali, Allah ya ba da lafiya." Wani ɗalibin kuma zai ga saurayi, sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ƙara wuta mana!" Dukansu sun ɓata awon. Ta rage wa tsohuwa nisa, shi ya ƙara wa saurayi. Ƙa'ida ta ce magana ɗaya ake yi a ƙarshen kowane minti, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Don haka muka rubuta namu a kati, kowa shi yake karantawa. Da farko a ce: "Baba, abin da ake so shi ne ka yi tafiya iya nisan da za ka iya a cikin minti 6, daga wannan jarka zuwa waccan kana dawowa. Ba gudu ba. In ka gaji kana iya rage sauri ko ka tsaya ka jingina da bango, in ka ji dama-dama ka ci gaba." Bayan minti na farko: "Kana ƙoƙari, saura minti 5." Na biyu: "Ci gaba haka, saura minti 4." Na uku: "Kana ƙoƙari, ka yi rabi." Haka har ƙarshe, sai a ce, "Tsaya inda kake," a kai masa kujera, a sa alama a wurin. Sannu da addu'a duk a adana su sai agogo ya tsaya, a nan a yi su har a gaji.

Kada mai gwaji ya jera da majinyaci, balle ya shiga gabansa, domin mutum yakan bi takin wanda ke kusa da shi ba tare da ya sani ba. In dole ne a bi shi saboda duba na'ura, a kasance a baya. Ɗan rakiya ma a zaunar da shi. Na ga 'ya'ya da yawa da suke son riƙe wa mahaifiya hannu. In majinyaci ya tsaya hutawa agogo ba ya tsayawa. Amma ana yanke gwajin nan take in ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko ya fara tangaɗi, ko gumi mai sanyi ya keto masa, ko iskar jininsa ta faɗi ƙasa da 80.

Lissafin ba wuya. Zagaye 6 da ƙarin mita 24, mita 384 ke nan. A rubuta shi tare da bugun zuciya, iskar jini, da makin hakin da majinyaci ya ba kansa daga 0 zuwa 10 a ma'aunin Borg, kafin tafiya da bayanta.

Yadda nake jarraba ɗalibai shi ne su yi wa juna. Ɗaya ya zama majinyaci, in ja shi gefe in ce a minti na 4 ya dafe ƙirji, ko ya yi ta jan mai gwaji da hira. Nan ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace kawai.

To, batun bincike. Ɗalibin shekarar ƙarshe yakan zo da take mai tsawon layi uku, yana so ya auna abu goma a wata uku. Nakan ce ya zaɓi tambaya ɗaya wadda baranda za ta iya amsawa, kuma tambayoyin suna nan a gabanmu. Waɗanda suka kammala watanni 6 na maganin tarin fuka, aka ce sun warke, nawa ne a cikinsu ke iya tafiyar da sa'o'insu ke yi? Matan da suka shekara ashirin suna girki da itace a rufaffen madafi fa? Ga kuma ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, har likitoci a Zariya suka yi ta rubutu a kansa tun shekarun 1970 suna danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Yaya tafiyar waɗannan mata take sauyawa bayan makonni na motsa jiki a ƙarƙashin kulawa? Ko auna masu lafiya kawai ma aiki ne babba, domin lissafin da aka fi kwatanta majinyaci da shi, na Enright da Sherrill na 1998, a jikin Amurkawa masu shekara 40 zuwa 80 aka gina shi. Manomin Ɗambatta da ke yini a ƙafa ba shi aka auna ba.

Tarkon da ya fi kama masu bincike shi ne sabo. Mutum in ya yi gwajin karo na biyu yakan ƙara nisa don kawai ya gane yadda ake yi. A masu toshewar huhu ƙarin ya kai kimanin mita 26. Canjin da ake ɗauka yana da ma'ana ga majinyaci kuwa kusan mita 30 ne. Kun ga ke nan, ɗalibin da ya yi gwaji ɗaya kafin atisaye, ɗaya bayansa, zai iya shelar nasarar da ba ta faru ba. Maganin shi ne a yi gwaji biyu tun ranar farko, da hutun aƙalla minti 30 a tsakani, a ɗauki mafi nisa. A riƙe lokaci ɗaya na yini. Awon safe da na azahar a watan Afrilu a Kano ba ɗaya ba ne, haka mai azumi da wanda ya karya. In da hali, wanda ya horar da majinyaci kada ya zama shi ke auna shi, don rai yana son abin da ya shuka ya yi kyau.

Ba a taɓa majinyaci ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya ba da izini a rubuce, kuma a miƙa takardun da wuri don sukan ɗauki lokaci. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, a gaya masa ƙarara cewa ƙin shiga ba zai taɓa maganinsa ba. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan na lokacin sanƙarau a 1996 ba, kuma suna da hujjar yin tambaya. Matar aure in ta ce sai ta shawarci maigida, a ba ta takardar ta tafi da ita, amma amincewar tata ce, ita za ta sa hannu ko ta dangwala.

A fom a sa lamba maimakon suna, a shigar da bayanai kwamfuta a ranar da aka ɗauka. Wanda ya kasa kai minti 6 ba a jefar da fom ɗinsa. A rubuta nisan da ya yi, da mintin da ya tsaya, da dalili. Waɗanda suka daina zuwa ma a faɗi yawansu a kundin, domin sau da yawa su ne mafiya jin jiki, ko waɗanda kuɗin mota ya gagara.