Yadda za ka gano abin da ya hana sabuwar motarka ja kafin bakanike ya taɓa ta

Da wuya a yi wata biyu ban ga irin wannan a tsakanin 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba a Legas ba. Mutum ya yi shekaru yana tari, ya je kasuwar motoci ta Berger ko ya jira tasa ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, ya shigo da ita unguwa tana ƙyalli, an yi addu'a an shafa. Kwana uku sai ka ji shi a majalisa yana cewa dillali ya cuce shi, mota ba ta ja. Kafin Juma'a ta zagayo an canza fulogi, an wanke nozul, an sauke tanki. Mota tana nan yadda take, aljihu ne ya rame. Ni ma ta nan na biyo, shi ya sa dokata ɗaya ce: sabuwar mota, ta leda ce ko tokumbo (wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje), kada sifana ya hau jikinta sai ka bi matakan nan da kanka.

Fara da sanin irin ciwon

"Ba ta ja" ba bayani ba ne. In ka faɗa wa bakanike haka, ka ba shi lasisin canza duk abin da ya ga dama. Ciwon kashi uku ne. Akwai wadda in ka taka totur sai ta ɗan yi jim kafin ta ɗauka, amma in ta ɗauka lafiya lau. Akwai wadda inji ke ihu, allurar zagayen inji tana hawa, gudu kuwa bai ƙaru ba. Akwai kuma wadda injin kansa ke shaƙewa, tana fizga, tana tari. Allurar da nake nufi ita ce ta agogon da aka rubuta x1000 a jikinsa, kusa da maleji. Ita za ka riƙa kallo, ba kunnenka kaɗai ba.

Kuma kada ka yanke hukunci a gosulon Ikorodu Road ranar Litinin, inda ko jirgi aka ba ka ba zai ja ba. Ka fita ranar Lahadi bayan sallar asuba, ka bar inji ya yi ɗumi, ka hau gadar Third Mainland. Tsawonta ya kai kilomita 11.8, ya ishe ka ka ji motar a kowace giya. Sharaɗi kawai, ba a tsayawa a kan gadar don buɗe bonet. Komai ka ji, riƙe shi a ka har ka sauka.

Kafin ka tashi, dubi malejin da kyau. Motar da ta fito daga Amurka manyan lambobinta mil ne, ba kilomita ba. Na ga wanda yake kukan motarsa da ƙyar take kai 70, alhali 70 ɗin nan ta haura kilomita 110, ya riga ya wuce 100 da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida a babbar hanya. Mil 60 kusan kilomita 97 ne. Motocin yanzu ba sa ƙara kamar tsofaffin da muka saba, sai mutum ya ɗauka rarrafe yake yi.

Sai maɓallai da giya

Ka ware awa guda, mota a fake, ka zauna a ciki kai kaɗai, ba yara ba abokai. Nemo littafin motar. In babu a akwatin gaba, sauke shi a waya, kyauta ne, amma ka tabbatar da shekarar. A Legas ana yi wa mota kwaskwarimar fuska a sayar da ita a matsayin ta baya-bayan nan, don haka kada ka dogara da bakin dillali. A motar da ta fito daga Amurka, lambar chasis tana da haruffa da lambobi 17, na goma shi ne shekara: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, haka har gaba, sai dai ana tsallake I, O, Q, U da Z.

Yanzu nemi waɗannan. ECO MODE, in yana kunne, da gangan yake sa totur ya yi sanyin jiki don a rage shan mai, a wasu motocin har ƙarfin esi yake ragewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yana son wannan maɓalli, ba laifi, amma ka san shi ke kawo ciwo na farko, wato jim ɗin nan kafin ta ɗauka. Ni ina kunna shi a gosulo, in kashe shi in zan shiga babbar hanya. Kada ka haɗa shi da 'yar koriyar fitilar ECO da ke kawowa tana ɗaukewa, wannan yabonka kawai take yi don ka taka a hankali.

SNOW na ƙasashen ƙanƙara ne. Yana sa mota ta tashi a sanyaye, a wasu ma daga giya ta biyu take farawa, don kada taya ta zame. Ƙanƙara ba ta sauka a Oshodi. Kashe shi. Sau da yawa mai wankin mota ne ya danna da tsumma.

Sannan kan giya. Motocin Toyota da yawa suna da S a gefen D. In hannunka ya tura shi can, za ka ga S4 a gaban mota, wato ka hana ta wuce giya ta huɗu. In ka ƙara ja baya ya zama S2, to ka ɗaure ta, inji zai yi ta kururuwa a banza. A tsofaffin ƙira kuma ɗan maɓallin O/D ne a jikin kan giyar, yana hana ta shiga giyar ƙarshe. Koma D. Hambirki ma a duba: a irin su Camry da Sienna da yawa ba na hannu ba ne, na ƙafa ne a can hagu, kuma yana iya saki rabi. In jar fitilar BRAKE tana kunne kana tafiya, tsaya. Mai Ford kuma ya tambayi ko makullin da aka ba shi na MyKey ne, wanda iyaye a can suke ƙayyade wa 'ya'yansu gudu da shi.

Ƙafarka ta hagu

Nan ne na sha kashi, don haka a yi mini haƙuri in tsaya.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa mota mai kuloci kafin na sayi atomatik. Ƙafar da ta saba aiki ba ta iya zaman banza. Ban san lokacin da ta koma kan birki ba. A gosulo ma har na ɗauke shi dabara: dama a totur, hagu a birki, don kada direban danfo ya cusa mini hanci a gaba. A haka ƙafar ta samu wurin kwana. Da na hau babbar hanya sai in ji kamar an riƙe motar ta baya. In taka, ta ɗauka, sai kawai ƙarfin ya ɗauke, bayan ɗan lokaci ya dawo. Babu fitilar gargaɗi ko ɗaya.

Na kai ta wani gareji a unguwarmu. Aka ce famfon mai ne, aka sauke tanki aka canza. Ba ta daina ba. Aka ce fulogi da koyil, aka canza. Ba ta daina ba. Abin da ya fi ba ni haushi, in bakaniken ya karɓi tuƙi lafiya take tafiya, sai ya ce ai ya gyara, in biya, in kama hanya ciwo ya dawo. Da a ce na yi tunani, wannan kaɗai ya isa ya nuna mini inda matsalar take. An kai ga maganar a fasa salansa a cire abin da suke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, sai Allah ya haɗa ni da wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya, tsohon direban tanka a Apapa. Wata safiya ɗansa ya ɗauko shi suna bayana a kan gadar Third Mainland. Da muka haɗu da magariba ya kira ni gefe.

"Ɗan nan, da ƙafa nawa kake tuƙi?"

Na ce, "Da ɗaya mana, Baba."

Ya ce, "A'a. Tun daga Oworonshoki har Adeniji jar fitilarka ta baya ba ta mutu ba. Gobe ka naɗe ta hagun nan ka ajiye ta a gefe, ka zo ka ba ni labari."

Ban koma garejin ba har yau.

Ga abin da ke faruwa. A motocin yanzu babu wayar ƙarfe tsakanin totur da inji. Takawar da kake yi saƙo ne zuwa ƙwaƙwalwar mota, ita ke yanke shawarar yawan iskar da za ta buɗe. A 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci a Amurka saboda kafet yana maƙale totur, kuma bayan wannan ne tsarin fifita birki ya yaɗu: in ƙwaƙwalwa ta ga an taka totur da birki a tare, sai ta ɗauki maganar birki ta rage wa inji ƙarfi. Don ceton rai aka yi shi. Kai kuwa da ƙafarka ke jingine da birki, faɗa kake sa motar ta yi da kanta, ga cin takalmin birki, ga shan mai.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka sa wani ya bi ka a baya ya kalli fitilar birkinka. Ƙafar hagu tana da mazauninta a can gefe, wani ɗan tudu da aka yi don ita, ka kafa ta a nan. In ka tabbata ƙafarka ba ta kusa amma fitilar tana kamawa ita kaɗai, to ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne ya lalace ko ya goce. Aikin rewaya ne na ɗan lokaci, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na famfon mai ba.

Tunda ka sunkuya, dubi kafet. Saboda ruwan damina da taɓon kasuwar Mile 12, mutanenmu suna shimfiɗa kafet na roba mai kauri a kan na asali, wani ma har da guntun darduma. In ya zame ya shiga ƙarƙashin totur, ba za ka iya taka shi har ƙasa ba, giya ba za ta sauko ta ba ka ƙarfin wuce tirela ba. In kuma ya hau kansa, ya fi muni. A wurin direba kafet ɗaya tak, a maƙale da ƙugiyarsa. Ban yarda da wata magana ba a nan. In kuwa totur ya taɓa maƙale maka a hanya, danne birki da ƙarfi kada ka riƙa famfo, tura giya zuwa N, ka gangara gefe sannan ka kashe inji.

Ihun da ba ciwo ba

In motarka mai giyar CVT ce, irin Corolla ta Amurka daga 2014, ko Accord mai silinda huɗu daga 2013, ko Altima daga 2007, ka saba da halinta. In ka danna, allura takan haura ta tsaya wuri ɗaya, gudu ya biyo baya a hankali, ba ka jin shigar giya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saba da tsohuwar atomatik sai ya rantse giya tana zamewa. Haka aka halicce ta. Abin da ke kashe ta shi ne a zuba mata man giyar gama-gari. Tana da nata man daban, kuma sunansa yana cikin littafi. Amma in tana karkarwa wajen tashi, ko ta yi zafi a dogon gosulo ta ƙi gudu sai ta huta, wannan kam sai masani.

In duk wannan bai warware ba

Yanzu ne ake maganar kwamfuta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar da ke haɗuwa da waya ba ta kai kuɗin cika tanki ba, ka mallaki taka. Murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, ka tabbata fitilar inji ta kawo. In ba ta kawo ba sam, wani ya rufe mata baki kafin a sayar maka. Rubuta lambar da na'urar ta nuna kafin kowa ya goge. P0101 na'urar auna iska ce, P0171 mai ya yi wa iska kaɗan, P0300 wuta tana tsallake, P2135 na'urar totur, P0420 indomi. Lambar tana nuna unguwar da ciwon yake ne, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. In fitilar tana ƙiftawa, rage gudu ka nemi wurin tsayawa, ɗanyen mai yana ƙona indomin.

Daga nan bi daga mai araha. Buɗe akwatin matatar iska, in ka taɓa kutsawa ruwan Lekki ko na Oshodi za ka iya samunta a jiƙe. Na'urar auna iska a fesa mata maganinta na musamman, ba fetur ba, kuma ba a taɓa ta da hannu. Mai kuma ka tsaya gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, waɗanda suka ga gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol na watan Fabrairun 2022 ba sa buƙatar a tuna musu. Kada ka bar tanki ya riƙa sauka ƙasa da kwata, famfon a cikin man yake shan sanyi. Famfo ba a canza shi sai an auna ƙarfin turinsa da agogo a gabanka. Indomi ba a fasa shi don zato, yana da tsada kuma yana da kasuwa, shi ya sa ake saurin ba ka shawarar cirewa. In an cire maka kan batir a jirgi ko a gareji, ka ba ta 'yan kwanaki ta sake koyon silo, wato zagayen inji in tana tsaye. In ta leda ce mai garanti, mayar da ita inda ka saya da lambar a rubuce. In kuma sai an je kasuwar Ladipo sayen kayan gyara, tafi da tsohon a leda ka gwada lambar jikinsa da ta sabon.