Kallon wasan ƙananan rukuni a Kaduna: shiri, wurin zama da lokacin fita

Ƙwallon Najeriya hawa-hawa ne. Gasar Firimiya ta ƙasa, wato NPFL, ce a sama, sai gasar NNL a rukuni na biyu, sai gasar NLO a ƙarƙashinta, sannan gasannin jiha da kofin hukumar ƙwallo ta jiha, inda ƙungiyar unguwa kan yi gamo da babbar ƙungiya. Kaduna kuwa tsohuwar hannu ce a harkar. Ranchers Bees, inda Daniel Amokachi ya taka leda yana yaro, ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, Kaduna United kuma ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010 bayan ta doke Enyimba a bugun fenariti. Sai dai wasan ƙananan rukuni ba shi da mai yi maka tanadi. Kai za ka yi wa kanka.

Fara da tabbatar da cewa za a yi wasan, da kuma inda za a yi shi. Jadawalin da aka fitar a farkon kaka ba abin dogaro ba ne, domin ana ɗage wasa idan baƙi ba su iso ba, ko an ba da fili don wani taro, ko an hukunta ƙungiya aka hana 'yan kallo shiga. Duba shafin ƙungiyar a Facebook da safiyar ranar, ka kuma tambayi wani ɗan ƙungiyar magoya baya, don su ne labari ke fara riska. Ka ji sunan filin da kunnenka. Filin wasa na Ahmadu Bello, wanda ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009, daban yake da filin Ranchers Bees, kuma wasu wasannin a Dandalin Murtala ko filin wata makaranta ake yin su.

Galibi da ƙarfe huɗu ake take wasa, wato daidai lokacin La'asar. Fito da alwalarka, ka isa wajen uku da kwata, ka yi salla a kusa da fili. Wanda ya tsaya sai ya idar a unguwarsu kafin ya nemi Keke, a hutun rabin lokaci zai shigo. Riƙe ƙananan kuɗi a aljihun gaba, domin mai tikiti ba ya rasa cewa babu canji, intanet kuma kan yi nauyi inda jama'a suka taru. Karɓi tikitin a hannunka, kada ka miƙa wa wanda ya ce zai shigar da kai ta ƙofar baya. In mai ƙofa ya yaga, ka adana guntun.

Wurin zama shi ne rabin kallon. Da yamma rana tana faɗuwa yamma, don haka ka zauna a gefen yamma na fili, ta zamo a bayanka. Wanda ya zauna gabas zai yi awa biyu da tafin hannu a goshi, musamman a watan Maris da Afrilu. Nemi daidai layin tsakiya, ka hau sama kamar matakala shida zuwa goma. A ƙasa dab da waya za ka ji ƙarar takalmi a kan ƙwallo da ihun koci, amma ba za ka ga tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya ba, kuma a wannan tazarar ake cin wasa. Bayan raga na masu ganga da algaita ne. Akwai daɗi, sai dai duk abin da ya faru a ɗaya ragar a bakin mutane za ka ji shi. In filin babu kujeru, tsaya aƙalla taku uku daga farin layi, kada ka tare wa mataimakin alƙali mai tuta hanya. A filin siminti kuma, guntun kwali ko sallaya ya fi kuɗin tikiti amfani, don simintin ya wuni yana shan rana.

Ruwa leda biyu ko uku ya isa. Gara na leda, saboda wasu masu ƙofa kan hana shiga da gora, gudun jifa. Da hunturu ka zo da rigar sanyi, iska kan juya bayan biyar da rabi. Da damina, musamman Agusta, duba gabas kafin ka zauna: in hadari ya haɗo, nemi rumfa tun kafin kowa ya ruga. Idan aka fara walƙiya, ka nisanci wayar shinge da sandunan fitila.

Minti goman farko, kalli ƙasan fili fiye da 'yan wasa. In busasshe ne mai tudu da kwari, ƙwallo kan yi tsalle ta kauce wa ƙafa, shi ya sa za ka ga ana ta dogon bugu. Ba rashin iyawa ba ne kullum. A irin wannan fili ɗan wasan kirki shi ne wanda ya kwantar da ƙwallo da taɓawa ɗaya, wanda ya waiga hagu da dama tun kafin ta iso shi. Zaɓi mutum ɗaya, misali ɗan tsakiyar da ke gaban 'yan baya, ka bi shi da ido minti biyar ko ƙwallo ba ta wurinsa. Da wuya ka sami takardar sunaye, don haka riƙe lambar riga, sunan kuma maƙwabcinka zai gaya maka, har da unguwar yaron.

Babu na'urar sake duba wasa a nan, abin da alƙali ya hura ya zauna. Sanin doka kaɗan zai rage maka hawan jini. Babu satar gida daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola, haka kuma wanda yake cikin rabin filinsu lokacin da aka bugo. Idan alƙali ya ɗaga hannu ɗaya sama ya bar shi a haka, bugun ba na kai tsaye ba ne, sai wani ya taɓa kafin ya zama ci. Katangar 'yan wasan da ke tare bugun kuma mita 9.15 za ta ja baya, kusan taku goma.

Rigima tana da lokacinta: fenariti a ƙarshen wasa, jan kati, ko baƙi su farke dab da tashi. Alamarta ita ce ledar ruwa ta fara sauka a fili, matasa kuma su taso daga sama su taru a jikin waya. Da ka ga haka, tashi a hankali ka nufi ƙofar da ke nesa da ɗakin alƙalai da motar baƙi, domin can ake dosa, can kuma barkonon tsohuwa ke fara sauka. Kada ka yi jifa. Ƙungiyar gida ce ke biyan tara, wani lokaci a ƙwace mata maki ko a kai wasanninta wani gari. In baƙi kake goya wa baya, yi murnarka a ciki.

Ana tashi wajen ƙarfe shida, Magariba ta kawo kai. In da yaro ka zo, ko dai ku fita saura minti biyar, ko ku zauna minti goma bayan usur har ƙofa ta yi sauƙi. Tun da farko ka nuna masa wurin da za ku haɗu in kun rabu. Keke kuma kada ka tsaya nema a bakin ƙofa, taka zuwa babban titi, can ya fi samuwa kuma kuɗinsa bai kai na bakin fili ba.